Mai jegon da ba ta barci tana bukatar a zauna da ita

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a shafinka kan wata larura da ke ɓoye a ɗakunan jego, wato ciwon damuwa bayan haihuwa. Kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa, mata da yawa kan yi kuka ba gaira ba dalili, kuma hakan kan wuce da kansa kafin mako biyu. Wanda ya zarce haka shi ne abin lura: jariri ya yi barci ita idonta biyu, kunun kanwa ya huce a kwano ba ta taɓa ba, tana jin ita ba uwar kirki ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mace 1 cikin 5 na fama da larurar damuwa a lokacin goyon ciki ko a shekarar da ta biyo haihuwa. A wurinmu kunyar ɗan fari ma kan rufe abin. Uwa ta ƙi kallon ɗanta, sai gwaggo ta yaba mata da kawaici.

Abin da aka saba faɗa mata shi ne "ki yi haƙuri, kowa da haka ta goya." Zaman shawara da wanda aka horar ya sha bamban da wannan. Akwai tsarin da aka gwada a ƙauyukan Rawalpindi na Fakistan, hukumar ta fitar da littafin koyar da shi a 2015. Ma'aikatan lafiya na unguwa ke gudanar da shi, zama 16 daga ƙarshen ciki zuwa wata goma bayan haihuwa, da hotuna saboda wadda ba ta yi karatu ba. Aikin kowane zama shi ne a kamo tunanin da ke cin ta, a auna shi da abin da ke zahiri, sannan a ba ta ɗan aikin da za ta gwada kafin haɗuwa ta gaba.

Misali, ta ce, "Nonona bai ishe shi ba, da yunwa zan kashe shi." Mai ba da shawara ba za ta yi mata musu ba. Za ta buɗe katin awon yaron su duba nauyinsa tare, ta tambaye ta sau nawa yake jiƙa tsumma a rana. In ya kai shida kuma nauyi na hawa, ita da kanta za ta ga tunanin bai da tushe. Aikin makon kuma ƙarami ne: barcin rana yayin da wata ta riƙe yaron, ko fitowa tsakar gida ta zauna cikin mutane.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. A yi zaman gaban uwar miji, sai ta ce lafiya lau. Maganar ta fita unguwa sau ɗaya, ba za ta ƙara buɗe baki ba. Wata mai shawarar kuma sai ta koma wa'azi, ta cinye lokacin ita kaɗai. Akan manta a duba ƙarancin jini, alhali shi ma yana kawo kasala da faɗuwar gaba. In ba a jawo maigida jiki tun farko ba, kuɗin mota kaɗai ya isa ya tsayar da zama na biyu.

Shawararmu ga hukumomin lafiya a matakin farko ita ce a haɗa tantancewa da rigakafin mako shida, tunda uwa tana zuwa da kanta. Akwai takardar tambayoyi 10 ta Edinbara, ta gano alamun damuwa a wurin mai jego, wadda ba ta cin fiye da minti biyar. Makinta 30 ne, matar da ta kai 13 a tura ta wurin likita, haka ma duk wadda ta amsa cewa ta yi tunanin cutar da kanta.

Akwai kuma halin da ya fi ƙarfin shawara. Mace 1 zuwa 2 cikin 1,000 kan rikice a makonnin farko: tana jin muryoyi, tana sambatu, ta kwana biyu ba ta runtsa ba. Kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. A yi addu'a, amma ranar nan a kai ta asibiti, ko mafi kusa ko na ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Kware, Dawanau ko Maiduguri, kuma a gaya wa likita tana shayarwa don ya zaɓi maganin da ya dace.

Wassalam.
Wasu ma'aikatan jinya da ungozomomi, Zariya.