Wasiƙa daga Palermo a kan neman cannoli na ainihi

Palermo, tsibirin Sisili, Italiya
Watan Fabrairu

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Saƙonka ya iso ni, kuma na ga tambayar da mai ɗakinka ta yi a kan hoton da na aiko, inda take son sanin ko wannan abu wani irin dubulan ne aka cusa wa madara. Tun da sana'arta ke nan, na ga ya kamata in zauna in ba ta amsa a tsanake ta hannunka.

Sunansa cannolo idan guda ɗaya ne, cannoli kuma idan suna da yawa, kuma sunan ya samo asali ne daga kalmar canna, wato karan fadama, domin a da a jikin kara ake naɗe kwaɓin kafin a jefa shi cikin mai, ko da yake yanzu ɗan bututun ƙarfe ake amfani da shi. Abu biyu ne aka haɗa. Akwai ɓawon, wanda ake yi da fulawa da ɗan sukari, a murza shi ya yi falan-falan, a soya har ya yi ƙuraje a jiki. Sai kuma abin da ake ɗurawa a ciki, ricotta, wani farin cuku mai taushi da ake samu idan aka sake dafa ruwan da ya rage bayan an tsame cuku daga madara. Ana barinsa ya tsane dare guda, a zuba sukari, a tace shi a rariya har ya yi sumul. A nan Palermo akan manna masa ɓawon lemon zaƙi da aka dafa da sukari a baki, mutanen Catania kuwa sun fi son barbaɗa masa dakakken pistachio, wani ƙwaro mai kama da gyaɗa, na garin Bronte da ke gindin dutsen Etna.

Na farkon da na saya, a wani shago ne da ke kan titin da baƙi masu yawon buɗe ido suka fi bi. An jera su a cikin gilashi, an riga an cika su tun safe, suna da kyau a ido ƙwarai. Da na gatsa sai na ji ɓawon ya yi laƙwas, ga zaƙi har yana hawa kai. Wani maƙwabcina dattijo, haifaffen garin nan, shi ne ya nuna mini inda matsalar take. Ricotta tana da danshi, ɓawon kuma shan ruwa yake yi, saboda haka duk cannolo da ya yi wasu sa'o'i a cike ya riga ya lalace. Ya ce in na shiga shago in duba ko ɓawon yana ajiye fanko a gefe, in kuma jira a cika mini a gabana. Wasu masu shago sukan shafe cikin ɓawon da cakulan domin ya jure zama, kuma a ganina wannan dabara ce ta mai son ya sayar da na jiya.

Abu na biyu shi ne madarar, kuma a nan ne na fi daɗewa kafin in gane. Ricottar da mutanen yammacin tsibirin suke yarda da ita ta tumaki ce, tana da wani ɗan ƙamshi da maiƙo da ta shanu ba ta da shi, ko da yake a wajen Ragusa, inda kiwon shanu ya fi yawa, da ta shanu suke yi kuma suna alfahari da ita. Ruwan sama a nan da sanyi yake zuwa, don haka daga wajen Nuwamba zuwa Mayu ne ciyawa take kore, tumaki su ƙoshi, madara ta yi kauri. Kai da ka san bambancin nonon damina da na rani a wurin Fulanin da ke kawo muku ba ka bukatar dogon bayani. Idan zafi ya shigo madarar takan ja baya, shi ya sa dattawa da yawa ba sa sayen cannoli a watan Agusta ko kaɗan.

Wannan ne ya sa a makon da ya wuce na hau mota zuwa Piana degli Albanesi, wani gari a kan tsaunuka mai nisan kimanin kilomita 24 daga Palermo, wanda Albaniyawa 'yan gudun hijira suka kafa a 1488, kuma har yau jikokinsu suna magana da harshensu. Sunan garin ya yi nisa a wannan fanni saboda makiyayan suna kusa, ricotta takan iso da safe ba ta kwana a hanya ba. Na ɗanɗana ta da cokali ita kaɗai, kuma ban taɓa jin irinta ba: sukarin kaɗan ne, ɗanɗanon madarar shi ne a gaba.

Da cokali na ce, domin ga inda maganar ta shafe mu. Ɓawon gargajiya da kitsen alade ake kwaɓa shi, wanda suke kira strutto, sau da yawa kuma a cikinsa ake soyawa, sannan akan zuba masa giyar Marsala ko wata farar giya. Ban san haka ba lokacin da na ci na farko, wani ɗan'uwa Batunisiye ne ya faɗa mini a masallaci, kuma abin ya dame ni ƙwarai har na yi ta istigfari. Tun daga ranar ba na sayen komai sai na tambaya, kuma shaguna a nan suna ajiye takarda ko littafi mai ɗauke da kayan haɗin kowane abu, wanda za a nuna maka idan ka nema. Yawancin tsofaffin gidajen da suka yi suna ba su sauya komai ba, kuma suna faɗin gaskiya kai tsaye, abin da nake girmama su a kai. Sun ce ɓawon kitse ya fi ƙamas-ƙamas, ni kuma ba ni da hanyar gardama da su.

Bayan watanni ina tambaya, na dace da wani ƙaramin gidan burodi a lungu, ba nisa da kasuwar Ballarò inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa. Mai gidan yana kwaɓa nasa da man shanu da khal, ya soya da man gyaɗa, ricottarsa kuma ta tumaki ce, kuma ba ya cikawa sai ka tsaya a gabansa. Idan ka gatsa, ɓawon yakan fashe da ƙara, cikin kuma sanyi da taushi. Nan nake zuwa duk ranar Asabar.

Akwai abin da zai ba ka sha'awa kai mai son tarihi. Musulmi daga ƙasar Tunisiya ta yau sun sauka a Mazara a 827, suka karɓi Palermo a 831, mulkinsu kuma bai ƙare gaba ɗaya ba sai 1091, kuma a zamaninsu ne noman rake ya kafu a tsibirin. Mutanen nan suna ba da labari cewa matan gidan wani sarki Balarabe ne a Caltanissetta suka fara yin cannoli, har ana cewa sunan garin daga Ƙal'atun Nisa'i yake, wato ganuwar mata. Wasu kuma sun ce matan zuhudu na Kirista ne suka ƙirƙiro shi domin bikin da ke gabatar azuminsu. Dukansu labaran baka ne, amma sukarin da ya sa abin ya yiwu ta hannun Larabawa ya shigo.

Ka gaya wa mai ɗakinka cewa cikakken cannolo ba ya tafiya, don ko kwana ɗaya ba zai yi a hanya ba. Na saya mata bututun ƙarfe guda goma sha biyu, zan bayar da su ga wani ɗan'uwa da zai zo gida bayan salla. Ta murza kwaɓin ya fi na dubulan sirantaka, ta manne bakin da farin ƙwai kada ya buɗe a cikin mai, ricottar kuma ta gwada da sabuwar madarar shanu da ruwan lemon tsami, ta bari ta tsane sosai kafin ta sa sukari. Idan ta yi, ina so ka rubuto mini yadda ɓawon ya fito.

Ka gaishe mini da su Baba da yara. Wassalam.

Naka amini har kullum.