Takardar Koke Kan Kangarewar Yara da Yadda Ake Ba da Su Riƙo

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Masu Unguwanni.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu iyaye da malaman boko da na Islamiyya na wannan gunduma a Kano muna kawo kukanmu kan yara 'yan shekara 12 zuwa 17 da ke lalacewa muna ji muna gani, galibinsu 'yan riƙo.

Yawanci abin daga mutuwar aure ko rasuwar uwa yake somawa. Uwa ta yi wani auren, miji ya ce ba ya son agola, sai uba ya kai yaron wurin goggo ko kawu da baki kawai. Ba a tsayar da mai biyan kuɗin makaranta ba, balle na magani. Wata biyu, uku, ciyarwar uba ta tsaya. Ɗan riƙo ya zama shi ne ɗiban ruwa, shi ne talla, ba a zuba masa abinci sai 'ya'yan gida sun ƙoshi. Alamar farko fashin makaranta ce, sai kwana a shago ko tasha, sai zama a majalisar waɗanda suka girme shi. Nan ake aikensa sayo sholisho har wata rana ya shaƙa, tiramol ya biyo baya. Haramta maganin tari mai kodin a 2018 bai kashe kasuwar ba, ɓoye ta koma. Mai shaye-shaye kuwa sai da kuɗi, shi ya sa daba da ƙwacen waya ke bin sawu. 'Ya mace tallan dare ke jefa ta hannun 'yan lalata, kuma ba ta da uwa kusa da za ta faɗa wa.

Idan an gaji da yaro sai a ce gidan mari. Abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, ya isa hujja. Yaro yakan fito da tabo a idon sawu da ƙullatar waɗanda suka kai shi.

Don haka muna roƙon kowane mai unguwa ya buɗe littafin 'yan riƙo: sunan yaro, shekarunsa, sunan mahaifinsa, makarantarsa, da dangantakarsa da mai riƙo. A bar masa sunan ubansa, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta umarta. Wajen zaɓen mai riƙo a bi tsarin Malikiyya: uwa tukuna, sannan kaka ta wajen uwa da 'yan'uwan uwa mata, kafin a waiwayi dangin uba. Ciyarwa tana wuyan uba ko yaron yana hannun wa. A rubuta abin da zai riƙa bayarwa duk wata a gaban shaidu biyu, in ya saɓa a kai shi gaban alƙali.

Abin da ya fi damunmu shi ne rashin bibiya. A naɗa dattijo da dattijuwa a kowace unguwa su ziyarci ɗan riƙo sau ɗaya a wata har wata shida. Su gana da shi shi kaɗai, domin yaro ba ya magana a gaban mai riƙonsa. Su duba inda yake kwana, su duba jikinsa, su tambayi malaminsa. Fashin mako guda ya isa a kira mai riƙo.

Yaron da aka kama da laifi kuma, a sanar da mai unguwa a ranar, kada ya kwana ɗaki ɗaya da manyan masu laifi. Akwai gidan ajiye yara a Goron Dutse, kuma Kano na da dokar kare yara tun 2023. Muna roƙon ka sa mana ranar zama a fadarka tare da Hisbah da ma'aikatan walwalar jama'a.

Allah ya ja zamaninka, amin.

Mu ne naka masu biyayya,
Iyaye da malaman gunduma.