A riƙa tambayar masu ciwon zuciya halin da suke ciki

Assalamu alaikum Malam Edita, ina yi muku fatan alheri da ku da ma'aikatanku baki ɗaya. Don Allah ku ɗan ba ni fili in yi magana a kan masu ciwon zuciya, amma ba a kan ƙwaya ko tansiyo ba, a kan halin da suke shiga bayan an sallamo su daga likita sun dawo gida.

Na yi aikin jinya har na yi ritaya, kuma abin da na daɗe ina gani shi ne mutum ya zo ƙafa a kumbure, numfashi na yi mai wuya, a ba shi gado, a sa mai maganin fitsari ruwa ya sauka, a yi eko wato hoton zuciya, a rubuta mai takardar magani, a ce ka bar gishiri ka bar magi ka dawo randebu. Shi kenan. Ya koma gida kowa na ta barka da arziki, amma bayan 'yan makonni sai ka ji ya daina zuwa fada, shayin ma bai so, barci ya ƙaurace mai, magana kaɗan sai faɗa ko kuma ya yi shiru yini guda. 'Yan gida su ce ai jikin ne. Wani lokaci jikin ne da gaske, amma sau da yawa ciwon damuwa ne ya shigo ya zauna tare da na zuciyar, kuma ba wanda ya kula.

Ba ni na ƙago zancen ba. Binciken da aka yi a ƙasashen Turawa ya nuna a cikin mutum 5 da suka samu bugun zuciya, kusan 1 na faɗawa ciwon damuwa mai tsanani, wato ya ninka na sauran jama'a nesa ba kusa ba. Shi ya sa tun 2008 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawara a riƙa tantance damuwa ga masu ciwon zuciya, a 2014 kuma ta fito ta ce damuwar kanta na cikin abubuwan da ke sa ciwon ya dawo ko mutum ya rasu da wuri. Dalilin ma a fili yake, wanda ya fid da rai da kansa ba ya shan magani kan lokaci, ba ya motsa jiki, mai shan taba ya koma mata, randebu ma sai an yi da gaske.

Can suna da tsarin farfaɗo da mai ciwon zuciya, kusan wata 3 mutum na zuwa ana sa shi tafiya ko tuƙa keke a ɗaki ana duba bugunsa, a koya mai abin da zai ci, a zauna a ji abin da ke ransa. Mu nan mafi yawa farfaɗowar a tsakar gida ake yin ta, matarsa da 'ya'yansa su ne ma'aikatan, kuma da kyakkyawar niyya suke ɓata aikin.

Akwai wani dattijo maƙwabcina ɗan kasuwa, mutum ne da in bai fita shago ba sai dai ranar sallah. Da ya dawo daga kwanciya sai 'ya'yan suka karɓe makullin shago, suka ɓoye na mashin, buta ma in ya ɗauka sai a ruga a amshe a ce Baba zauna. Tuwonsa daban a ƙaramin kwano, miya lami, shi kaɗai a ɗaki alhali da tare da samarin gida yake ci a zaure. Na shiga gaishe shi na tarar da ƙullin magani a ƙarƙashin tabarma ko ɓarewa ba a yi ba. Na ce Baba mi ya sa? Ya ce "ɗana, wanda aka riga aka raba gadonsa mi zai yi da ƙwaya." Ba wanda ya raba mai gado fa, amma haka yake jin kansa. Sai da muka koma wurin likitansa da babban ɗan, likita ya ce da bakinsa a bar shi ya taka zuwa masallaci, ya zauna shago da safe ko awa ɗaya ne in dai ba ɗaukar buhu zai yi ba, sannan ya fara shan maganin.

Wanda ya fi ba ni tausai ma mata ne masu jego. Ciwon zuciyar da ke kama mace gab da haihuwa ko bayanta ya yi yawa a ƙasar Hausa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya ta Najeriya suka yi rubutu a kansa, suna danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta, an kuma yi bincike a kansa a Yamai. To ka ɗauki yarinya ƙarama daga wani ƙauyen Dakoro ko Mayayi, ga jinjiri tana kasa goya shi saboda haki, daka ya gagara, ɗiban ruwa ya gagara, likita ya ce wani cikin na da haɗari gare ta, uwar miji na cewa ragwanci ne, ita kuma tunaninta duk ya tafi ga kishiya. In ta yi kuka a ce iska ce ko sammu. Wa ya taɓa zama ya tambaye ta?

Kuma don Allah malamanmu da dattawa, a rage cewa mutum rashin tawakkali ne ke damunsa. Addu'a da haƙuri ba mai ja da su, ni ma su nake fara ba marar lafiya, amma ba ka ce wa mai ciwon suga imaninsa ne ya yi rauni. In ka faɗa wa mai damuwa haka kunya za ta sa ya rufe bakinsa, gobe ka tambaye shi ya ce alhamdulillahi da sauƙi, alhali cikinsa na ci da wuta.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar na'ura ko kuɗi. Tambaya 2 ce kawai ake fara yi a duniya: cikin mako 2 da suka wuce, ka ji abubuwan da kake so da duk sun fita ranka? Ka ji ƙunci ko ka fid da rai? Majo ko ungozoma da ke auna tansiyo za ta iya yin su kafin ta kwance abin awon daga hannunsa. In amsa ta nuna akwai matsala sai a zurfafa, a kuma tambaya kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar, irin wanga ƙarancin ne ma ya sa hukumar lafiya ta duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008 don ƙananan ma'aikatan lafiya su iya gano irin wanga ciwo. Ina fatan ɗaliban likita na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo za su fito da wanga sabo a hannunsu.

Sai gargaɗi ɗaya. Kar wani ya karanta wasiƙar nan ya tafi wurin mai tallan magani a kasuwa ya ce a ba shi na barci ko na tunani. Tsofaffin magungunan damuwa irin su amitriptyline suna iya rikita bugun zuciya. Akwai irin su sertraline da aka gwada a kan masu ciwon zuciya aka ga ba su da wannan illar, sakamakon ya fito a 2002, amma likita ne zai rubuta, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, ba a yanke shi don an ga kwana uku ba canji.

Ga 29 ga Satumba ranar zuciya ta duniya, ga 10 ga Oktoba ranar lafiyar ƙwaƙwalwa, kwana 11 ne tsakaninsu. Ina kira ga gidajen rediyonmu na Maradi su haɗa likitan zuciya da malamin addini a shiri ɗaya da Hausa, a buɗe layin waya, a kuma sa shi da dare lokacin da mata suka gama aiki.

Na gode Malam Edita, Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Naku,
Tsohon ma'aikacin jinya, unguwar Zariya, Maradi