Zaɓen bijimi don tsoka: a duba halin da saniya za ta shiga

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu kiwon shanun nama kan yadda ake rububin bijimai masu cikar tsoka. Mahauci na da hujjarsa, don sa mai kaurin cinya da faɗin gadon baya ya fi ba da nama idan an feɗe. Sai dai bijimin da aka saka a garke ba maruƙan yanka kaɗai yake bari ba, 'ya'yansa mata su ne iyayen garken nan da shekara biyu zuwa uku.

Tsoka iri biyu ake magana, kuma sau da yawa ana cakuɗa su. Akwai wadda ake tarawa sannu a hankali ta hanyar zaɓen dabbar da ta fi cika a kowane zubi. Akwai kuma wadda ke zuwa daga tawayar ƙwayar halittar da ake kira mayostatin, wadda masana suka gano a 1997. Aikinta taka wa tsoka birki. Idan maraƙi ya gaji tawayar daga uwa da uba duka, birki ya tafi, sai tsoka ta yi ta ninkuwa, kamar yadda ake gani a shanun Belgian Blue na Beljiyam da Piedmontese na Italiya. Irin wannan dabba za ka ga jijiyar kowace tsoka ta fito fili a cinyarta, fata ta yi siriri, kitse kusan babu.

Matsalar farko a wurin haihuwa take. Maraƙin yana zuwa da nauyi, kafaɗa da ƙugu sun yi kauri, ita kuwa uwar ƙashin ƙugunta bai buɗe daidai da girman jikinta ba. Sai ƙafafun gaba da kai su fito, ƙugu ya maƙale. Shi ya sa a garkunan Belgian Blue zalla mafi yawan haihuwa da tiyata ake yi. Wasu maruƙan kuma harshensu kan yi girma har ya hana su kama nono, alhali dakashi a cikin awa 6 na farko ya fi amfani, don bayan nan hanjin maraƙi yana rage shan garkuwar da ke cikinsa.

Ta biyu ba a ganinta da wuri, kuma a ganina ta fi cinye ribar mai garke. Saniya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 283. In ana so ta haihu duk shekara, kwana 82 kacal suka rage mata ta warke, ta nemi namiji, ta ɗauki wani cikin, kuma a daidai lokacin da shayarwa ta fi tatse ta. Kitsen jikinta ne ajiyar da take ci a wannan tsakanin. Saniyar da aka zaɓi iyayenta don tsoka ba kitse, idan abinci ya yi ƙaranci, sai ta jinkirta neman namiji, tazarar haihuwa ta koma wata 14 ko 15. Tsoka kuma tana yaudarar ido: saniya ta bayyana a cike alhali ba ta da ajiya. A sa hannu a shafa haƙarƙarin baya da gindin wutsiya. A ma'aunin ƙibar jiki na 1 zuwa 9, inda 1 ramammiya ce ƙwarai, 9 kuma mai ƙiba ƙwarai, ana so ta haihu tana kan 5, karsana kuwa 6.

Ba cewa nake a guji tsoka ba. Matsakaiciyar cika, wadda ba ta tafi da kitse ba, ba ta hana saniya aikinta muddin tana samun abinci. Abin da ya kamata a auna shi ne kilo nawa na maraƙi aka yaye a kan kowace saniyar da aka ba bijimi. Misali, shanu 100 suka yaye maruƙa 90 masu kilo 200, an sami kilo 18,000. In bijimin tsoka ya ɗaga nauyin zuwa 215 amma maruƙan suka ragu zuwa 80, kilo 17,200 ke nan. Kowane maraƙi ya fi kyan gani, garke kuwa ya yi asara, ba a ma lissafa kuɗin likita ba.

Mafita ita ce a raba aikin bijimai. Mai cikar tsoka a ba shi manyan shanu da suka haihu sau biyu ko fiye ba tare da an ja musu maraƙin ba, 'ya'yansa kuma maza da mata duk a sayar don yanka. Karsanan da za su maye gurbin iyaye a samo su daga wani bijimin da uwarsa ke haihuwa duk shekara, mai isasshen nono da hantsa mai kyau. Karsana kada a ba ta bijimin tsoka a cikin fari, kuma kada a yi mata barbara sai ta kai kusan kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na nauyin da za ta yi in ta gama girma. Kafin sayen bijimi a tambayi nauyinsa ranar haihuwa da ko an ja shi, a auna kewayen marainansa, kada ya gaza santimita 30 in yana da shekara ɗaya zuwa wata 15.

Inda ake zargin akwai tawayar mayostatin, gwajin gashin wutsiya yana nuna ta. Dabbar da ta gaji tawayar daga gefe ɗaya tana samun ƙarin tsoka ba tare da yawan wahalar haihuwa ba, amma in aka haɗa irinta da irinta, ana sa ran ɗaya cikin maruƙa huɗu zai gaje ta daga gefe biyu. Don haka a rubuta sakamakon gwajin a littafin garke gefen lambar kunnen kowace dabba, a duba shi kafin a saki bijimi.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani ma'aikacin lafiyar dabbobi