Godiya ga garejin manyan motoci da ke gaba da Dawanau, da yaron da ya hana ni sayen inji

Assalamu alaikum.

Maigida, na san ka ce kada in sa sunanka a ko'ina, kuma na riƙe alkawari. Amma duk direban da ke lodi a Dawanau ya san garejin da nake nufi, wanda ke kan hanyar Katsina, mai bishiyoyin darbejiya a bakin ƙofa. Godiyar da na yi maka baki da baki ba ta ishe ni ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan don 'yan'uwana direbobi da masu motoci su gani.

Motata MAN ce, F2000, irin tsofaffin nan na Jamus da tun shekarar 2000 aka fito da TGA ta gaje su. Ta hannu na saye ta, ni ke tuƙa abata, kuma ita ce gonata, ita ce kantina. Riɗi, wake, zoɓo, duk abin da Allah ya kawo a Dawanau ina ɗauka zuwa Legas. Hanyata ta Suleja ce, in bi Lambata in faɗa Bida, Mokwa, in haye gadar Jebba, Ilori, Ibadan, har Ogere. Wanda ya san hanyar nan ya san ba wurin da za ka so mota ta ba ka kunya ba ne.

Tun bazarar bara motar ta fara ɗaukar zafi. Da fari sai an yi hawa da kaya allurar agogon zafi ke tashi. Daga baya ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da rana ta take, sai in ga allura na rarrafawa wajen ja. A watan Afrilu, lokacin da zafin Arewa ke haura digiri 40, na koma tafiyar dare kawai, idona ɗaya a titi ɗaya a kan allura. Yaron motata kuwa ya zama mai ga-ruwa. Jarka shida muke ɗaurawa a baya, kuma duk inda muka ga ruwa, rijiya ce, rafi ne, burtsatse ne, ko kududdufi, sai mu cika.

Gareji uku na shiga kafin naku. Ba zan kama sunan kowa ba, Allah Ya san su. Na farko ko murfin lagireto bai buɗe ba, ya ce tamostat ne, ɗan makunnin nan da ke daidaita zafin ruwan inji, wai an yi shi ne don ƙasashen ƙanƙara, mu nan ba ya da amfani. Ya cire ya jefa a kwandon tarkace, ya karɓi kuɗinsa. Na biyu ya ce lagireton ya mutu, ya kawo mini wani yana ƙyalli ya ce sabo ne dal. Bayan wata biyu fenti ya fara ɓarewa, na ga tsohon walda a ƙarƙashi. Na uku ya ce gasket ne, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya sauke kawunan injin, motar ta kwana goma sha ɗaya a hannunsa, ni ina biyan kuɗin makarantar yara da bashi. Da na ɗauke ta, ko Kwanar Dangora ban kai ba allura ta koma inda ta saba. Da na kira shi sai ya ce in sayi soda irin ta masu sabulu in zuba a ciki, za ta wanke komai. Allah Ya tsare, ban zuba ba.

Abin da ya karya mini zuciya shi ne kwana biyun da na yi tsakanin Mokwa da Jebba da tan 30 na wake a bayana. Tiyon sama ya fashe da tsakar rana, tururi ya rufe gilashi. Mai kaya yana kira daga Legas kamar zai fito ta cikin waya, yarona yana tafiyar kusan awa guda da jarka a ka, ni kuma ina kwance ƙarƙashin mota da dare ina sauraron kowane motsi a daji. A nan na yanke shawarar cewa injin ya gama aiki. Na dawo Kano na sa gonar gadonmu a kasuwa, da niyyar in sayi wani injin ɗan Kwatano. Kowa ya san yadda kayan gyara suka yi tun da darajar naira ta faɗi a 2023, ga man dizal da tun 2022 ya fi ƙarfin mai mota ɗaya irina.

Da wannan niyya na shigo garejinku, in tambayi kuɗin sauke inji da ɗora wani. Kai ba ka nan a lokacin, Maigida, ka tafi Ƙofar Ruwa sayayya. Babban yaronka na tarar, siririn nan mai yawan shiru. Ya gaishe ni har ƙasa, ya kawo mini benci a inuwa, ya saurare ni har na gama ba tare da ya katse ni ba. Sannan ya ce, "Baba, ka yi mini izini in duba ta kafin a yi maganar sauke inji. Idan injin ne, ba zan ɓoye maka ba."

Na ce masa, "Ɗana, mutum uku sun duba ta."

Ya ce, "To Baba, a bar ta ta huce, in zama na huɗu. Duban ba ko kwabo."

Sai da ta huce sarai ya taɓa murfin. Ya zaro sandar baƙin mai ya duba ko ruwa ya shiga, ya ce mai lafiya lau. Ya ɗaura wani ɗan famfon hannu mai agogo a bakin tankin ruwa, ya buga iska, muka zauna muna kallon allurar, ba ta sauka ba. Ya gwada murfin shi kaɗai, ya ce wannan kam ya saki, ba ya riƙe komai. Daga nan ya kwance ƙasa ya tari ruwan a farin bokiti ya kawo gabana. Wallahi kamar kunun kanwa da aka dama da jar ƙasa. Ya sa hannu a gindin bokitin ya ɗebo, ya murza mini a tafin hannuna. Yashi ne da tsatsa da wani farin ɓawo.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan wasiƙa. Shekara 26 ina kan sitiyari, ba bakaniken da ya taɓa zaunar da ni ya koya mini abin da ke faruwa a cikin injin da nake ci da iyalina da shi. Yaron nan ya yi. Ya ce in tuna cikin butar mai shayi, farin dutsen nan da ke kamawa a gindinta. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da irin wannan gishirin ƙasa, kuma duk lokacin da na ƙara ruwa ya ƙone, gishirin yana nan ya manne a hanyoyin ruwa na inji da siraran bututun lagireto. Ɓawon yana hana zafi fita daga ƙarfe ya shiga ruwa, tsatsa kuma tana toshe hanya. Yashin da ke yawo shi ke cinye robar famfon ruwa har ya fara ɗiga.

Ya shiga ciki ya ɗauko wani tsohon silif, kwanson ƙarfen nan da fistan ke hawa da sauka a cikinsa. Ya ce a irin injina ruwa yana taɓa bayan silif ɗin kai tsaye. Ya juya mini shi, sai na ga gefe ɗaya duk ƙananan ramuka kamar icen da gara ta ci. Ya ce duk bugun da inji ya yi silif yana karkarwa, karkarwar tana tayar da 'yan ƙananan kumfa a jikinsa, su kuma suna fashewa da ƙarfin da ke ɓantarar ƙarfe kaɗan-kaɗan. Ruwan sanyaya inji na gaskiya yana da sinadarin da ke yi wa ƙarfen riga, ruwan rafi ba shi da shi. Ranar da rami ɗaya ya huda, ruwa ya gangara cikin baƙin mai, ranar ce ake sayen inji. Ya ce, "Baba, taka ba ta kai nan ba, amma hanyar ta kama." Jikina ya yi sanyi, na kuma ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina a lokaci guda.

Game da tamostat kuwa, ya ce yana buɗewa ne idan ruwa ya kai wajen digiri 80, kuma ban da buɗe hanyar lagireto, shi ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye. Idan an cire shi, wani kason ruwan sai ya riƙa zagayawa a cikin inji bai je ya sha iska ba. Murfi mai riƙe iska kuma shi ke sa ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Soda da aka ce in zuba, ya ce da ta cinye duk wani abu na alminiyam da ta tarar.

Maganin, in ji shi, a wanke hanyoyin ruwan motar gaba ɗaya. Wankin kansa ba zan tsawaita ba, yini guda ya ci. Sun zubar ta ƙasan lagireto da ta jikin inji, sun buɗe hanyar hita, sun zuba maganin wanki, a tayar da mota ta yi zafi, a bari ta huce, a zubar, a sake, har sau shida kafin ruwan ya fito garau. Ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa aka yi, irin na batir. An fesa wa lagireto iska daga baya, ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suka fito kamar ana sheƙe gero. Sabon tamostat, sabon murfi, tiyo biyu, sannan ruwan sanyaya inji rabi da rabi da tataccen ruwa, ya haura lita 40. Ka nuna mini jarkar a rufe kafin a fasa ta, da lambar MAN 324 a jikinta, wato irin ruwan da kamfanin MAN ya amince da shi. Na kuma lura ba a ƙasa kuka tuttular da komai ba, a duro kuka tara, ka ce ruwan yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne, awakin unguwa na iya sha.

Filtar ruwa ce ban taɓa ji ba sai a wurinku. Na san ta mai, na san ta dizal, na san ta iska. Da ka dawo ka ji bayanin yaronka, ka ce tsohon inji irin wannan ko sau goma aka wanke shi akwai dattin da ya maƙale a lungu, zai riƙa saki a hankali. Ba ka matsa mini ba. Ka faɗi kuɗinta, ka ce motar za ta yi tafiya ko babu ita, shawara ce. Na ce a sa. Yaron ya ƙera mata mazauni a inda hannu zai kai, ya ja siririn tiyo daga inda famfo ke turo ruwa, ya mayar da wani inda famfo ke zuƙa, ya sa ɗan makunni a kowane gefe don ranar canji kada ruwa ya zube. Ya ce kaɗan ne daga ruwan ke bi ta cikinta a kowane zagaye, saboda haka ko ta toshe ba za ta hana inji ruwa ba. In motar ta yi zafi in taɓa tiyon da ke fita, idan na ji shi da sanyi to ta cika. Ya kuma ce akwai masu zuwa da sinadari a ciki, amma ya sa mini wadda ba ta da komai, domin ruwan da aka zuba yana da nasa, kuma haɗa iri biyu kan jawo matsala.

Sannan aka zuba mini tsofaffin kayana a buhu, aka ba ni takarda da kowane abu da kuɗinsa a rubuce. Na biya ina lissafi a zuci, duka bai kai abin da na ba mai sauke kawunan inji shi kaɗai ba.

Wannan abin da na gani ya sa na ƙara jin ciwon yadda sana'ar nan ta koma a wurare da yawa. Ka shiga gareji, tun ba ka kashe mota ba an yanke mata hukunci, kuma kullum hukuncin shi ne abin da ya fi tsada. Ka yi tambaya a ce kana koya wa mutum aikinsa. Ka nemi tsohon kayanka a ce yara sun zubar, alhali gobe za a wanke shi a ɗaura wa wani. A kasuwa ana sayar da ruwa mai kala a jarka da sunan ruwan inji, ba abin da ke ciki sai rini. A bakin hanya direba ya ga ɗigo a ce masa ya zuba garin kwaki ko ɗanyen ƙwai, ɗigon ya tsaya yau, bututu ya toshe gobe. Yara suna shekara biyar a gareji suna miƙa sifana ba wanda ya taɓa gaya musu dalilin komai, su ma su buɗe nasu su ci gaba da cire tamostat. Kuma asarar ba ta tsaya kan mai mota ba. Tumatirin da ya ruɓe a hanya, shanun da suka galabaita a bayan tirela, motar da ta mutu a kwana da dare ba fitila wani ya zo ya afka mata, da yawansu daga irin wannan aikin ganin-dama suke farawa.

Bayan sawu biyu na Legas na dawo kamar yadda kuka ce. Yaron ya rufe makunnan nan biyu, ya kwance filtar, ya yanka ta a gabana da zarto. Takardar ciki ta yi jawur, yashi ya cika kusan rabin kofin shayi. Ya ce ta biyu za ta fi daɗewa. Yau wata huɗu ke nan, na hau duk hawan da ke tsakanin Jebba da Ilori da cikakken kaya da rana tsaka, allura tana tsakiya ba ta motsa ba. Jarkokin nan shida na sauke biyar, na bar ɗaya da haɗaɗɗen ruwan da kuka ba ni, har yanzu ban buɗe ta ba. Gonar gado kuma na janye ta daga kasuwa, bana ƙanena ya shuka gero a ciki.

Maigida, Allah Ya saka maka da alheri, Ya jiƙan mahaifanka, Ya ƙara buɗi. Kai kuma ɗana, na ba ka ɗan abin shan ruwa ka ƙi karɓa sai da maigidanka ya sa baki. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka naka garejin, Ya ba ka yara masu saurare kamar yadda ka saurare ni. Bayan Sallah in sha Allahu ina tafe canjin filta, kuma tare da maƙwabcina nake zuwa, DAF ɗinsa ta fara irin ciwon tawa.

Wassalam.

Naku,
Direba kuma mai mota, daga Kurna, Kano.