Kafin a kai aji cikin duniyar kwamfuta

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan wani abu da nake ta ji a bakin masu harkar ilimi, wato haska bidiyon darasi a cikin duniyar kwamfuta, irin wadda kowa zai shiga da mutum-mutuminsa ya yi tafiya ya zauna ya yi magana da na kusa da shi. Tun da Facebook ya koma Meta a 2021 wasu ke ganin kamar jiya aka ƙirƙiro abin, alhali ya daɗe. Kamfanin Linden Lab na Amurka ya buɗe irin wannan duniya mai suna Second Life tun 2003, kuma a 2006 Farfesa Charles Nesson na jami'ar Harvard shi da 'yarsa Rebecca sun koyar da kwas ɗin shari'a mai suna CyberOne a cikinta, ɗalibai na taruwa a wani tsibiri na cikin kwamfuta suna kallon lacca suna muhawara. Ni malami ne kuma ina son abin nan har raina, shi ya sa ba na so a shige shi ido rufe.

Abin da da yawa ba su gane ba, bidiyon nan ba a cikin duniyar yake ba. Allon da kake gani a bangon ajin taga ce kawai, an liƙa mata adireshin inda bidiyon yake, kuma kwamfutar kowane ɗalibi ita ce za ta je ta ɗebo nata da kanta. Kenan in ɗalibai talatin ne a zaune toh bidiyo talatin ne ke tafiya, kowa da datarsa kowa da ƙarfin netwok ɗinsa, ga kuma nauyin zana gine-gine da mutane da na'urar ke ɗauke da shi a lokaci guda. A nan ake samun matsala. In bidiyon da aka riga aka ɗauka ne, sai ka ga wanda ya shigo da wuri yana minti na biyar, wanda ya makara yanzu ya fara daga farko, malam ya ce ku dubi hannun likitan nan yadda ya riƙe almakashi, rabin aji suna ganin hannu rabi kuma har yanzu sunan asibiti ne a allonsu. In kuma kai tsaye ake haskawa, hoton kan makara da sakan goma ko ashirin wani lokaci ma fiye, amma muryar hira ta cikin duniyar tana isa nan take, sai yarinya ta yi tambaya kan abin da malam ya riga ya wuce, wani kuma ya bar makirfonsa a buɗe ba iyafis sai muryar malam ta riƙa dawowa sau biyu har ba a jin komai. Wallahi wannan kaɗai ya isa ya kashe darasi mai kyau, kuma yaron da netwok ɗinsa ya fi rauni shi zai ɗauka shi ne bai da ƙwaƙwalwa, abin da ya fi damuna kenan.

Toh in haka ne me ya sa ba za a tura musu bidiyon kawai kowa ya kalla a wayarsa ba? Gaskiya in lacca ce ta awa ɗaya malam na tsaye yana zuba, hakan ya fi, babu amfanin wahalar da yara su shiga wata duniya don su zauna su kalli allo. Amfanin wurin yana fitowa ne in akwai abin yi a gefen allon. A nuna minti uku na yadda zuciya ke bugawa, a tsayar, sai ɗalibai su tashi su shiga cikin ƙatuwar zuciyar da aka gina a wurin su bi hanyar jini da ƙafarsu, su rabu gida-gida kowane rukuni ya koma lungu yana tattaunawa ba ya jin hayaniyar wani, malam na zagayawa. Mai jin kunyar kunna kyamara a Zoom sai ka ga bakinsa ya buɗe tunda ba fuskarsa ake kallo ba. Ko a jami'ar Stanford da Jeremy Bailenson ya koyar da kwas ɗin Virtual People a 2021 da tabarau na musamman da ake sawa a shiga duniyar kwamfuta, gajerta zaman suka yi saboda jiri da abin ke sawa.

Sai maganar filin aro, wato gina aji a dandalin kamfanin da zai iya sauya shi ko rufe shi duk ranar da ya so. Bidiyo a Second Life ya daɗe yana dogara da manhajar kunna bidiyo ta QuickTime, Apple ya daina kula da shi a Windows a 2016, Flash, wata manhajar kunna bidiyo a intanet, shi ma ya mutu a ƙarshen 2020, allunan da malamai suka sha wahalar haɗawa da yawa suka daina aiki. A 2010 Linden Lab ya sanar da janye rangwamen rabin kuɗi da yake yi wa makarantu, wasu suka tattara suka koma OpenSimulator, manhaja irin Second Life da makaranta za ta iya ɗorawa a kan na'urarta, sai daga baya aka dawo da rangwamen. Wasu duniyoyin ma rufe su aka yi gaba ɗaya, Microsoft ya rufe tasa AltspaceVR a 2023, Mozilla ya rufe tasa Hubs a 2024.

Don haka roƙona ga duk shugaban makarantar da aka kawo wa wannan tsari, kafin ya sa hannu ya ce a gwada masa da na'ura mafi rauni da ɗalibansa ke da ita ba ta mai talla ba, ya tambaya ko malam na da maɓallin da zai tsayar da bidiyo ya tsaya wa kowa a lokaci ɗaya, kuma asalin bidiyoyin su zauna a hannun makaranta, da rubutun abin da aka faɗa a ƙasa saboda masu matsalar ji, sannan a ajiye wata hanya mai sauƙi ta kallo ga wanda ya kasa shiga ranar.

Na gode Edita, a huta lafiya.

Naka,
Wani malami mai bibiyar jaridarku