Ma'ash haƙƙinmu ne, amma tukunyar takiya ma tana buƙatar kaso

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Na saurari muhawarar da kuka sa makon jiya kan kuɗin tsofaffin ma'aikata a nan Sudan, abin da muke kira ma'ash, 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar kuma suke kira fansho. Baƙonku na farko ya ce a ƙara ma'ash kafin komai. Na biyun ya ce ƙasa na cikin yaƙi, baitulmali ya bushe, sai haƙuri. Ni mai karɓar ma'ash ne, na yi shekara 34 da alli a hannu a makarantun firamare na Jazira, saboda haka zancen ya shafe ni kai tsaye. Amma har aka rufe shirin ban ji wanda ya ambaci mutanen da suka fi mu yawa ba, waɗanda ba su taɓa karɓar albashi ba balle ma'ash, ban kuma ji an ambaci abin da ya riƙe rayukansu a shekarun nan ba.

Bari in fara da namu, don kada a ce na yi watsi da 'yan'uwana. Ma'ash ba kyauta ba ce. Kuɗinmu ne da aka riƙa yanka daga albashi wata bayan wata tun muna da ƙarfi. Matsalar ita ce an yanke shi lokacin da fam ke da daraja, ana biyanmu lokacin da ya zama takarda. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam, dala ɗaya ta tashi daga 55 zuwa kusan 375. Gab da yaƙi tana kusan 600, yau kuwa ta haura 2,000 da nisa. Abin da ke shigo mini a wata, in na sayi maganin hawan jini nawa da na sukarin maiɗakina, saura ba ya kai mu mako. Bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilun 2023 mun yi watanni ba ko sisi. Da aka koma biya ta waya, da yawa cikin tsofaffinmu ba su iya Bankak, manhajar banki ta waya, ba sai sun nemi jika, sannan a Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke gaba ɗaya. Don haka ina tare da baƙonku na farko, sai dai in ƙara masa da cewa ƙarin da za a yi sau ɗaya a buga ganga ba zai kai wata uku ba kasuwa ta haɗiye shi. A ɗaure ma'ash da farashin dawa da na magani, a riƙa duba shi a kai a kai.

To amma ga maƙwabcina, dattijo ne da ya girme ni. Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin hajji, ya tsaya neman guzuri a gonakin auduga bayan an gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, zama ya kama shi. Shi ma maƙwabcin nawa a kambo, wato sansanin 'yan ƙwadagon gona, aka haife shi, ya yi shekara fiye da 50 yana tsinkar auduga da yankan dawa a gonakin wasu. Bayansa ya ranƙwafa, idonsa ya yi rauni, ba shi da fayil a ofishin kowa. Haka masu gasa agashe a bakin tasha, da matan da ke sayar da shayi da gyaɗa, da masuntan bakin kogi. Ko an ninka ma'ash sau goma, ko ƙwandala ba za ta shiga aljihunsu ba. Audugar da suka tsinka kuwa ita ta riƙa kawo wa ƙasar nan kuɗin da aka biya irinmu albashi.

An taɓa tunawa da su sau ɗaya. A 2021 gwamnatin riƙon ƙwarya ta kawo shirin Samarat, dala 5 ga kowane mutum a wata, da niyyar ya kai ga kashi 80 cikin ɗari na jama'a, don rage zafin cire tallafin mai. Na raka maƙwabcina layin rajista. Aka ce ya kawo lambar ɗan ƙasa, ba shi da ita, kuma da ya je nema sai aka ce ya kawo shaidun asalin kakansa, mutumin da ƙasar Jazira ta daɗe da rufewa. Yana cikin wannan kai-kawo aka yi juyin mulkin 25 ga Oktoba, Bankin Duniya ya dakatar da kuɗi, shirin ya mutu. Tallafin man dai ya tafi bai dawo ba.

Abin da ya ciyar da mu duka, mai ma'ash da marar ma'ash, takiya ce, wato wurin dahuwa na unguwa da ake ciyar da jama'a kyauta. Lokacin da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, a Disambar 2023 muka gudu Gadarif, aka sauke mu a wata makaranta. Matasan unguwa suka haɗa murhu a bayan ajujuwa, suka aro manyan tukwane biyu daga masu abincin biki. Da yake ni malami ne, aka ba ni riƙon littafin lissafi. Tun kafin sallar asuba za ka tarar da robobi da kwanuka a jere a ƙasa, kowanne da dutse a ciki don kada iska ta ture shi, masu su sun koma gefe suna jira. Wata baiwar Allah da muke kira Inna ita ke riƙe da ludayi. Ta san gidan da ke da mutum tara, ta san wanda ke da mai jego, ba ta duba takarda. Yau balila, gobe adas, ranar da Allah ya hore a yi asida da miya. Wani tsohon babban ma'aikaci yakan turo jikarsa da kwano a lulluɓe cikin mayafi, Inna ta zuba ba ta ɗaga kai ba, don ta san kunya ce. Ba wanda aka taɓa tambaya ƙabilarsa ko lambarsa.

Kuɗin na zuwa ne daga 'ya'yanmu da ke Jidda da Riyad, da 'yan kasuwar gari, da ɗan abin da ke biyowa ta hannun ɗakunan agajin gaggawa na matasa. A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da agajin da take bayarwa a waje, masu aikin sa kai suka ce takaya (jam'in takiya) sama da 1,100 sun rufe, kusan kashi 80 cikin ɗari. Tamu ta koma dahuwa sau ɗaya a rana. Ni na rubuta wannan a littafi da hannuna, kuma ni na tsaya na faɗa wa mutanen da ke ƙarshen layi cewa tukunya ta ƙare. Sau biyu ke nan cikin shekara huɗu abincin talakanmu na yankewa saboda shawarar da aka yanke a wata ƙasa.

Shi ya sa ban yarda da baƙonku na biyu ba da ya ce babu abin yi. Muna da Diwanin Zakka, wanda doka ta ba shi ikon karɓar zakka, kuma kowa ya san yawan dawa da riɗi da ake fitarwa a Gadarif kowace kaka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci fakirai da miskinai da matafiyin da guzuri ya yanke masa, su ne kuwa ke tsaye a layin takiya. A ware wa takaya kaso sananne daga zakkar amfanin gona, a bayar da shi buhu-buhu, domin buhun dawa ba ya karyewa kamar fam. Sharaɗin kawai a bar ludayi a hannun irin su Inna. Kada a naɗa musu shugaba daga ofis, kada a ce sai da lambar ɗan ƙasa. Abin da za a nema daga gare su shi ne lissafi a fili, a manna shi a bangon masallaci kowace Juma'a, kamar yadda muka riƙa yi.

Na san masu cewa takiya ta ɗan lokaci ce, tana koya wa mutane zaman jira. Na dawo Madani bayan sojoji sun karɓe ta, na ga matasa sun koma gona da kasuwa da zarar hanya ta buɗe. Waɗanda suka rage a layi tsofaffi ne da zawarawa da marayu. Maƙwabcina yana cikinsu, kuma ko yaƙi ya ƙare gobe ba zai sake iya riƙe lauje ba.

Roƙona, Malam Edita, in za ku sake wannan muhawara ku nemi mace ɗaya mai dafa abinci a takiya da dattijo ɗaya daga kambo, ku ba su minti goma-goma kamar yadda kuka ba manyan baƙinku. In layin waya ne matsala, zan kai musu tawa.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Wad Madani, Jihar Jazira